Yadda Ake Auna Hakin Makiyaya Kafin A Sauke Garke

 Darasin wannan fitowa a kan haki ne, wato ciyawar da sa zai ci tsakanin ranar da ka biya kuɗinsa da ranar da za ka rabu da shi. Na san wani zai ce, mu da muke fatauci me ya haɗa mu da ƙidayar ciyawa, ai wannan aikin Fulani ne da ma'aikatan kiwo. To, ka tuna da watan Agusta na 2019 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Ka tuna da 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli a Yamai, da aka sake rufewa har cikin Maris 2024. Wanda ya ɗauko shanu daga Abalak ko Tanut da niyyar ya kai su Illela ko Mai'aduwa cikin ƴan kwanaki, sai ya wayi gari yana kiwon da bai shirya ba. Ko ba a rufe iyaka ba, kasuwa takan faɗi ka ga ya fi maka ka riƙe garke wata guda. A nan tambaya ɗaya ce: wurin da za ka sauke su zai riƙe su, ko za su yi ta zubar da naman da ka saya da kuɗinka?

Yawancinmu da ido muke amsa wannan tambaya, daga cikin mota ko daga bakin hanya. Mu ga wuri ya yi kore shar, mu ce alhamdu lillahi akwai haki. Wanda ya bi burtalolin jihar Maraɗi da na Dosso a ƙarshen damina ya san abin da ke cikin wannan koren. Sau da yawa garmani ne ya rufe wurin tun daga wannan gona har waccan, ya kai gwiwa ko ya wuce, saniya kuwa ta ratsa shi kanta a sama tana neman abin ci. Kore ne, amma ba abinci ba ne. Masu ilmin tsirrai sun daɗe da gane cewa ido shi kaɗai ba shaida ba ne, shi ya sa suka fito da hanyoyin awo. Hanyoyin ba su da wuya. Wanda ya iya lissafin ribar tirela guda ta shanu zai iya su.

Asalin abin duk mun san shi a kasuwar hatsi. Ba ka zazzage buhu ɗari don ka san irin geron da ke ciki. Ƙarfe kake soka wa wasu daga cikinsu, ka duba abin da ya fito a tafin hannu. Amma kowa ya san sharaɗin: ba mai hatsi ne zai nuna maka buhun da za ka soka ba, ba kuma na saman tari kaɗai za ka soka ba. Haka makiyaya take. Ba za ka iya ƙirga hakin daji duka ba, sai ka ɗebi samfuri. Kyan awon ya rataya ne a kan inda ka ɗiba, da yadda ka zaɓi wurin.

Inda za a ɗiba

Mas'ala ta farko, kada ka auna kusa da rijiya, ko bakin tabki, ko bayan kara, ko gefen hanyar mota, sannan ka ce ka san dajin. Waɗannan wurare kofato ya riga ya cinye su. Kusa da mashaya abin da za ka tarar tsidau ne da tumfafiya da ƙasa tsirara, sai ka yi nisa sannan hakin kirki yake fara bayyana. In ka auna nan kaɗai za ka raina wuri mai kyau. In kuma ka tafi can cikin kwari inda ruwa ya kwanta ka auna, za ka yabi wurin da ba zai riƙe ka mako biyu ba.

Saboda haka ka fara zagaya wurin ka raba shi yadda ƙasar ta rabu da kanta. Ga jigawa mai yashi, ga fako mai tauri inda ruwa ke gudu ba ya shiga, ga fadama ko kwari. Kowane da hakinsa. Ka ƙiyasta rabon kowanne, in jigawa ce ta ɗauki rabin wurin to rabin awonka ya zama a jigawa. Wannan ƙiyasin da ido za ka yi shi, ba laifi, don raba ƙasa bai kai zaɓen haki ruɗi ba.

Mas'ala ta biyu ita ce ta son rai. Ɗan Adam in aka ba shi zaɓi, ƙafarsa da kanta take kai shi inda haki ya fi kyau, ko inda ba ƙarangiyar da za ta kama masa wando. Maganin wannan shi ne ka ɗaure kanka da ƙa'ida tun kafin ka fara. Ka tsai da wata itaciya can nesa, ka nufe ta sak, ka ce duk taki hamsin zan tsaya. Inda taki na hamsin ya faɗi nan ne wurin awo, ko kan gidan tururuwa ne, ko fili ne fetal. In ka ce bari in matsa kaɗan nan babu kome, ka ɓata awon, don babu komen nan shi ma labari ne game da wurin.

Lokacin da ya fi dacewa ƙarshen damina ne, wajen Satumba zuwa farkon Oktoba, sa'ad da haki ya fid da kai. Kafin nan ciyayi da yawa kama suke yi da juna, ko tsohon makiyayi sai ya duƙa. Bayan nan kuma iska da kofato sun fara kakkarya su. Ka tafi da wanda ya san sunayen haki, mai korarka ko wani dattijo na rugar da ke kusa. Wanda ba ku san sunansa ba ku tsinke shi ku sa a takarda, ku ba shi lamba. Ba sai da suna ake ƙirga ba, abin da ake so kada a haɗa iri biyu a ce ɗaya ne.

Iri nawa ne a wurin

Ka samu sanduna huɗu ko ƙarfen rodi, kowane mita ɗaya, wato kusan kamu biyu na babban mutum, ka haɗa su murabba'i. Duk inda ka tsaya ka aza shi ƙasa, ka rubuta kowane irin tsiro da ke cikinsa. Ba yawansu kake ƙirgawa ba tukuna, irinsu kawai. A murabba'i na farko wataƙila ka samu ƙarangiya, burburwa, gadagi, tsidau. A na biyu waɗannan su sake fitowa, a ƙara guɗe-guɗe da harkiya. A na uku a ƙara ɗaya. Sannu a hankali sababbin suna raguwa, har ka aza sau biyar a jere ba ka ga baƙon tsiro ba. Wannan raguwa ita ce ke gaya maka ka kusa ƙure irin da ke wurin. In kuwa ka kai murabba'i na goma sha biyar har yanzu kowane da sabon abu, awonka bai isa ba, ka ci gaba.

Akwai wata alama da masana ke dubawa, mai sauƙi ce kuma tana da hikima. Ka duba jerinka, iri nawa ne ka gani sau ɗaya tak. In suna da yawa, to akwai ƴan'uwansu da yawa da ba ka ci karo da su ba sam. In kusan kowane iri ka gan shi sau biyu, sau uku, abin da ya ɓuya maka kaɗan ne. Kamar wanda ya zauna kasuwar Dakwaro ne yana lura da baƙi. Muddin kowace fuska sabuwa ce, bai san mutanen kasuwar ba. Ranar da fuskoki suka fara maimaituwa, ya fara saninsu.

Nan ne kuma ake yin wani kuskure da ya kamata a kiyaye. Wane ya aza murabba'i goma a wuri kaza ya samu iri goma sha biyu, wane ya aza arba'in a wani wuri ya samu iri ashirin, sai a ce na biyun ya fi. Ba a sani ba tukuna. Wanda ya fi nema dole ya fi samu. Ba a gwada wuri biyu sai da murabba'i mai girma ɗaya, adadi ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara.

Yawan iri kaɗai bai isa ba

Ga garke biyu, kowane shanu ɗari. A na farko akwai Azawak, Bororo, Bunaji, Gudale da Kuri, kowane ashirin ashirin. A na biyu ma duk irin nan biyar suna nan, amma Bunaji 96 ne, sauran huɗun ɗaya ɗaya. In aka tambaye ka iri nawa ne a kowane garke, ka ce biyar, ba ka yi ƙarya ba. Amma ba ɗan kasuwar da zai ce garken nan biyu ɗaya suke. Na biyun garken Bunaji ne da baƙi huɗu. Haka makiyaya: wurin da garmani ya ci kashi 80 cikin ɗari yana iya ba ka jerin sunaye daidai da na wuri lafiyayye, don a ƙarƙashinsa akwai burburwa ɗaya nan, gadagi ɗaya can. Dole a san rabon kowane iri.

Masu bincike a ƙasashenmu na Sahel sukan ja igiya mai mita 20, su sauke siririn ƙarfe duk bayan santimita 20, su rubuta tsiron da ya taɓa. Igiya ɗaya ta ba su wuri ɗari ke nan. Hanyar wasu Faransawa biyu ce, Daget da Poissonet, tun 1971. Kai ba sai ka sayi igiya ba. Akwai ƴar'uwarta da masu kiwon shanu na Amurka suka daɗe suna yi da takalmi. Ka yi alama a bakin takalminka na dama. Ka nufi itaciyar nan taka, idonka a kanta ba a ƙasa ba. Duk sa'ad da ƙafar dama ta sauka karo na biyar, ka tsaya ka duba abin da alamar ta taɓa. In tsiro ne, ka ja layi gaban sunansa. In ƙasa ce tsirara, ka ja layi a wani gefe dabam. Ka ci gaba har layukan tsirrai su cika ɗari. Da yake ɗari ne, adadin kowane iri shi ne kashinsa cikin ɗari, ba sai ka yi rabawa ba.

Yanzu ga hisabin. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Edward Simpson, ya fito da shi a 1949. Tambayar da ya yi ita ce: in ka rufe ido ka tsinko tsiro biyu daga wurin, sau nawa cikin ɗari za su zama iri ɗaya? In kusan kullum iri ɗaya suke fitowa, abu guda ya mamaye wurin. Yadda ake fid da amsa, ka ninka adadin kowane iri da kansa, ka tara.

Bari mu ƙaga misali don a gani. A ce wuri na farko ka samu garmani 80, ƙarangiya 10, tsidau 5, burburwa 3, gadagi 2. To 80 sau 80, 6,400. Goma sau goma, 100. Sai 25, sai 9, sai 4. Jimla 6,538. Wannan cikin 10,000 ne, wato ɗari sau ɗari. Ke nan sau 65 cikin ɗari, tsiro biyun da ka tsinko iri ɗaya ne. A ce wuri na biyu kuma ƙarangiya 30, burburwa 25, guɗe-guɗe 20, gadagi 15, kyasuwa 10. Lissafinsa 900, da 625, da 400, da 225, da 100, jimla 2,250. Sau 22 da rabi ke nan cikin ɗari. Duka wuraren iri biyar biyar ne, amma dubi tazarar.

Ni na fi son a juya lissafin, don ya fi shiga kai. Ka raba 10,000 da jimlar da ka samu. Wuri na farko zai ba ka ɗaya da rabi, na biyu huɗu da kusan rabi. Ma'ana, na farko sunan iri biyar gare shi amma a aikace kamar iri ɗaya da rabi ne. Na biyu kuwa biyar ɗinsa kusan duka suna aiki. Akwai wani hisabin da ake kira da sunan Shannon, za ku gan shi a takardun ma'aikata da na jami'a. Abu ɗaya suke nema, sai dai shi ya fi kula da tsirran da ba su da yawa, kuma ba ya yiwuwa da ka, sai da na'urar lissafi. Na Simpson ya ishe mu.

Amma fa a yi hattara, lamba ba ta san abin da saniya ke ci ba. Wurin da garmani, tafasa, tumfafiya da tsidau suka raba daidai wa daida zai fito da lamba mai kyau, shanunka kuwa su kwana da yunwa. Fadamar burgu a bakin kogin Kwara kusan iri ɗaya ce zalla, lambarta ƙasa take, amma wa zai ƙi sauke garke a cikinta? Don haka bayan ka gama jeri, ka sa alama gaban kowane iri: wannan shanu na ci, wannan sai dole, wannan ba sa taɓawa. A misalinmu na farko abin da sa zai ci da daɗin rai bai wuce kashi 15 ba, ƙarangiyar ma sai tana ɗanya kafin ta yi ƙaya, ko bayan ƙayar ta zube. Ka kuma duba layukan ƙasa tsirara. In sai da ka tsaya sau 160 kafin ka cika tsiro ɗari, to sau 60 ƙafarka ƙasa ta taka, fiye da kashi ɗaya cikin uku na wurin ba kome.

To me ya sa za mu damu da yawan iri, ba yawan haki kawai ba? Saboda hakin arewa mafi yawansa na shekara ɗaya ne, daga ƙwaya yake tsirowa duk damina ya mutu da kaka. Wani iri da ruwan farko yake tashi, in aka samu tsaikon ruwa na mako uku ya ƙone. Wani sai ruwa ya zauna yake fitowa. Wurin da ke da iri da yawa, in wannan ya faɗi wancan ya tashi. Wurin da ya dogara ga iri ɗaya, shekarar da ba ta dace da irin nan ba ya zama fili. Ban da haka, ba duka abinci ɗaya suke bayarwa ba. Gadagi dangin wake ne, yana sa nama kamar yadda harawa ke sawa, shi ya sa ake tara shi a kai kasuwa a sayar. Busasshen haki zalla cikin bazara cika ciki kawai yake yi. Gamba kuma, da ire-irenta masu saiwar da ke kwana a ƙasa, su ke fara tohowa kafin sauran. Dattawa da suka yi kiwo kafin farin 1973 da na 1984 za su nuna maka wuraren da gamba take a da, yau babu ko tushe ɗaya. Ganinta a cikin murabba'inka alama ce cewa wurin bai gaji ba.

Kwana nawa zai riƙe garke

Wannan shi ne abin da falke ya fi so ya ji, kuma da murabba'in nan dai ake samunsa. A wurare goma daga cikin inda ka aza shi, ka yanke hakin da shanu ke ci har ƙasa, ban da garmani da ƴan'uwansa. Ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka auna a ƙaramin sikeli, ka raba goma don ka san na murabba'i ɗaya. Hekta ɗaya murabba'i 10,000 ce, saboda haka kowane giram ɗaya a murabba'i kilo 10 ne a hekta. In ka samu giram 100, hekta tana da kilo 1,000.

Ba duka ne zai shiga cikin shanu ba. Gara za ta ci, iska za ta kwashe, kofato zai tattake, dole kuma a bar wani ya rufe ƙasa. Ƙa'idar da ake yawan bi a Sahel ita ce a lissafa kashi ɗaya cikin uku kawai, wato kilo 333 daga cikin 1,000 ɗin nan. Ma'aikatan kiwo suna lissafi da dabba mai nauyin kilo 250, wadda ke cin busasshen haki kilo 6 da kwata a yini. Ke nan hekta ɗaya irin wannan za ta riƙe dabba ɗaya kwana 53. Mai shanu 60 da ke son ya jira kasuwa kwana 30 yana bukatar kilo 11,250, kusan hekta 34 ke nan. Wannan fa in shanunsa na kilo 250 ne. Bijiman da muke kai wa kudu sun fi haka, sai ka ƙara. Kuma in kai kaɗai ne a wurin, abin da ba ya faruwa a kusa da iyaka.

Itatuwa ba sa shiga murabba'in mita ɗaya, amma kada a manta da su, don daga Maris zuwa saukar ruwa su ne ɗanyen abincin da ya rage. Ka auna taki hamsin a tsaye, hamsin a kwance, ka ƙirga abin da ke ciki iri iri. Gawo, aduwa, jiga, kandili da bagaruwa dukiya ne. In sabara da tumfafiya kaɗai ka tarar, ka san inda kake. Ka lura ko akwai ƙanana masu tasowa, ko duk tsofaffi ne da aka sassare wa rassa.

Irin wannan aiki ne ma'aikatar kiwo ta Nijar ke yi duk ƙarshen damina. Ma'aikata su fita wuraren da aka tsayar, su yanka su auna, a haɗa da hotunan tauraron ɗan Adam irin waɗanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke aiki da su, sannan a faɗi ko hakin shekara zai kai bisashen ƙasa ko akwai giɓi. Sanarwar tana da amfani, wanda ya ga yadda shanu suka faɗi a 2010 bayan daminar 2009 ba zai raina ta ba. Sai dai ta jiha ce da gunduma, ba ta zangon da kake sauka ba. Tauraro kuma kore yake gani daga sama, kamar mai kallo daga cikin mota, garmani da gadagi duk ɗaya ne gare shi sai an sauka ƙasa an tantance.

Shawarata ga rassan ƙungiya, kowane reshe ya ɗauki zango biyu ko uku da fatakensa suka fi sauka, ya sa yaro ɗaya mai rubutu da makiyayi ɗaya su auna su duk shekara. Itaciyar da aka nufa bana ita za a nufa baɗi, daga inda aka tashi nan za a tashi, cikin wata ɗaya, da murabba'i ɗaya. A rubuta a littafi guda a ajiye wurin magatakarda. Awon shekara ɗaya zai gaya maka inda za ka sauke garke bana. Na shekara huɗu ko biyar a jere shi zai nuna ko garmani yana ci gaba a burtalin, daga kashi nawa zuwa kashi nawa, kuma da wannan littafi ne za a je gaban mai gari ko kwamitin kula da filaye na gunduma a nemi a yi aikin cire shi kafin ya zub da ƙwaya.